Shin garkuwar jiki ce tushen ciwon endometiriyosis?

Malamin jami'a: Jama'a, ni a ganina ciwon endometiriyosis, wato tsirowar nama irin na shimfiɗar mahaifa a wajen mahaifa, asalinsa gazawar garkuwar jiki ne. Tun 1927 likitan mata ɗan Amurka John Sampson ya bayyana cewa jinin haila kan koma baya ta bututun ƙwai ya zuba a kogon ciki. Hakan na faruwa ga kusan mata 9 cikin 10, amma mace 1 cikin 10 ce take kamuwa. Ke nan a jikin sauran akwai masu share wannan jini, su ne ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makurofaj da NK. A 2009 an rage makurofaj a cikin ɓeraye, sai tsiron ya kasa girma yadda ya saba.

Likitar mata: Allah ya gafarta Malam, ɓeran ɗakin gwaji ba ya haila. Masu bincike ne suke ɗebo naman mahaifa su zuba masa a ciki, don haka abin da gwajin ya nuna shi ne makurofaj suna taimaka wa tsiron da aka riga aka dasa ya samu hanyoyin jini, bai nuna mana inda ciwon ya faro ba. Wasu ɓerayen ma da gangan ake zaɓar marasa ƙwayoyin garkuwar da ake kira T, domin kada jikinsu ya ƙi naman ɗan Adam. Yaya za a auna aikin garkuwa a dabbar da tata garkuwar gurguwa ce?

Malamin jami'a: Hajiya, to gwaggon biri fa? Yana haila, ciwon kan same shi ba tare da an dasa masa ba, kuma an daɗe ana nazarinsa a cibiyar binciken birai ta Nairobi. A can aka ga maganin da ke toshe sinadarin kumburi na TNF ya rage tsiron.

Likitar mata: Ai nan gizo ke saƙar. Da aka gwada infliximab, mai toshe wannan sinadarin, ga mata masu ciwon a Beljiyam, sakamakon da ya fito a 2008 bai nuna sauƙin raɗaɗi fiye da na allurar da ba magani a cikinta ba. A dabba girman tsiro ake aunawa, ita kuwa matar da ke zuwa wurina ciwon mara da rashin haihuwa ne suka kawo ta, kuma sau da yawa mai ƙaramin tsiro ta fi mai babba shan azaba.

Ɗaliba: Malam da Anti, ku yi mini afuwa. Wani binciken ɓeraye na 2021 ya nuna makurofaj ba jinsi ɗaya ba ne: waɗanda suka taho tare da naman mahaifa suna ƙara girman tsiron, wasu daga cikin na kogon ciki kuwa kariya suke bayarwa. Idan aka rage su gaba ɗaya, ba a haɗa da masu gadin ba?

Malamin jami'a: An haɗa da su, 'yata, wannan kam na yarda. Amma raunin ƙwayoyin NK a jikin mata aka gano shi tun 1991, ba a ɓera ba.

Likitar mata: A jikin matan da ciwon ya riga ya kama, Malam. Wa ya auna su kafin su kamu?