Sabunta hukumar 'yancin addini ta Amurka, mu a Sudan me ya shafe mu?

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum. Na ji a rediyo ana maganar USCIRF, hukumar Amurka mai sa ido kan 'yancin addini a ƙasashen waje. Wai wa'adinta ƙarewa yake yi, sai majalisa ta sabunta, kuma wasu na cewa a gyara ta tukuna. Ga abin da ya ɗaure min kai. Tun 1999 Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashen da ake zargi da take haƙƙin addini, aka sauke mu zuwa ƙaramin jerin waɗanda ake sa wa ido a ƙarshen 2019, aka share sunanmu gaba ɗaya a 2020. Yanzu kuwa tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, masallaci da coci duk ba su tsira ba. To a sabunta ta ko a rufe, wane bambanci talaka zai gani?

Baffan Mai Wurno:
Wa alaikumus salam ɗana. Fara sanin cewa hukumar ba ta hukunta kowa. Dokar 1998 ce ta kafa ta zamanin Clinton, mambobinta tara, shugaban ƙasa ya naɗa uku, shugabannin majalisa su naɗa sauran. Aikinta rahoto duk shekara da ba da shawara. Ma'aikatar harkokin waje ce ke sa suna ko cirewa.

Gyara kuma an taɓa yi. A 2011 saura ƙiris a rufe ofishin, domin Sanata Dick Durbin ya riƙe ƙudurin sai da aka rage mata kuɗi, aka ƙayyade wa mamba wa'adi biyu. Tsofaffin da suka yi kaka-gida suka kama gabansu.

Amma kada ka raina takardar. Ina nan da raina lokacin da kotu a Khartum ta yanke wa Maryam Ibrahim hukuncin kisa a 2014 kan ridda, na kuma ga ranar da gwamnatin Firaminista Abdalla Hamdok ta soke wannan sashe na doka a Yulin 2020. Sun yi haka ne saboda suna neman ƙofar bankunan duniya ta buɗe, kuma kowane jeri na Amurka sarƙa ne a ƙafarsu. Gwamnati mai jin yunwa tana jin maganar hukumar.

Maman Hafsa, Jidda:
Baffa, Allah ya ƙara girma, amma mai ƙoshi fa? Saudiyya na cikin jerin tun 2004, kuma tun 2006 ake ɗage mata takunkumi da sunan maslahar Amurka. Indiya ma tun 2020 hukumar ke cewa a sa ta, ba a sa ba. Najeriya kuwa sakataren harkokin wajen Amurka Pompeo ya sa ta a 2020, magajinsa Blinken ya cire a 2021, kamar ana wasa da makunnin lantarki. In gyara ake so da gaske, a tilasta wa ma'aikatar ta bayyana dalili a rubuce duk lokacin da ta ƙi shawarar, a kuma sa wa yafiyar nan iyaka. Canza mambobi kawai ba zai taɓa wannan ba.

Ɗan Gadarif:
Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ma akwai abin da ke cina. A Yulin 2022 aka kashe mutanenmu Hausawa a Damazin da Rusairis na jihar Blue Nile, wata baiwar Allah ta iso unguwarmu da yara uku da tabarma ɗaya a naɗe. Mai kisan musulmi, wanda aka kashe musulmi, rigimar ƙasa ce da sarauta, don haka ba ta cikin ma'aunin hukumar. Baffa, akwai wata hukuma a can da ke karɓar irin wannan ƙara?

Baffan Mai Wurno:
Wannan na ofishin haƙƙin ɗan Adam ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba na USCIRF ba. A rubuta sunaye, garuruwa da ranaku tun shaidu na raye, a ajiye kwafi wajen wani a Jidda ko Kano. Takarda a nan gobara ɗaya ta ishe ta.