Ciwon baya: masu murɗa baya ya yi ƙas da aikin kine, ana haɗa su ne?

Tela_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah wanda ya sani ya taimaka mini. Ni tela ne, zaman keke ya kashe mini baya, tun bayan ƙaramar sallah nike fama, ciwon daga ƙugu yake tasowa ya bi ta ɗuwawu ya sauka bayan cinyar hagu, in na miƙe daga kan keke sai na dafa bango tukuna. Lokotoro ya sa na yi radiyo, wato hoton ƙashi, ya ce ƙashi lahiya lau, ya rubuta mini ordinansi ya ce in tahi wajen kine, masu gashi da motsa jiki na asibiti. To ƙanena da ke Kano shi kuma kullum turo mini bidiyon masu murɗa mutum bayanshi ya yi ƙas ƙas yake, wai kairofarakta ake ce musu, ya ce in zo can a gyara ni lokaci guda. Shin abu ɗaya ne da kine ko daban? Kuma ana iya haɗa su biyun ko wani yana ɓata wani?

Kine_Maradi:
Wa alaikumus salam malam tela, Allah ya ba da lahiya. Aikina ne wannan. Ba abu ɗaya ba ne amma ba kishiyoyi ba ne, a ƙasashen da sana'ar ta kahu sau da yawa ɗaki guda za ka iske ana yin duka biyun. Ita waccan ta kairofarakta wani mutum ne D.D. Palmer ya fara ta a Amurka a 1895, ƙarfinta duk a hannu yake, a danna gaɓar ƙashin baya da sauri. Kuma ƙarar nan da kake ji ba ƙashi ba ne ya koma wurinshi, iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kake ji in ka lanƙwasa yatsunka. Wasu suna samun sauƙi da gaske, ban musa ba, sai dai sauƙin bai cika daɗewa ba in ba a bi shi da motsa jiki ba.

Mu a kine akwai gashi da zahi, akwai ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15 zuwa 20, akwai tausa, akwai na'urar lantarki da ake liƙa maka a fata kana jin zirr, akwai ta jan baya. Mutanenmu na'urar suke so, in ba a jona musu waya ba gani suke an ci kuɗinsu banza, abin nan yana damuna ƙwarai. A Disamba 2023 Hukumar Lahiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa, ta yarda da motsa jiki da tausa da dannar ƙashin baya da wayar wa mai ciwo kai, amma ta ce kada a riƙa dogara da jan baya da na'urar lantarkin nan da bel ɗin ɗaure ƙugu. Ni ma ina kunna na'urar wani lokaci don mutum ya samu ya saki jiki, amma abin da ke riƙe baya shi ne naman ciki da na ɗuwawu su yi ƙarhi. Kwanta rigingine kan tabarma, ka tanƙwashe gwiwoyi, ka ɗaga ƙugu sama a hankali ka sauke. Irin waɗannan za a koya maka, a gida za ka riƙa yi safe da yamma, kuma wanda ya ƙara tura ciwon zuwa ƙafa ka bar shi ka faɗa wa kine ɗinka. Ka fara zuwa inda lokotoro ya tura ka kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Kano.

Dan_Kabukabu:
Wallahi gaskiya ya faɗa. Ni ramukan hanya sunka gama da nawa bayan, na yi ƙaho wajen wanzami na yi tausa da man zahi, ranar sai in ji garau gobe in na hau moto abu ya dawo sabo. Abin da ya taimake ni tahiya da ƙafa bayan asuba da miƙe-miƙen da anka nuna mini, ba daɗi da farko kam. Abu guda zan roƙe ka don Allah kada wani ya ce maka sha tramol ka ci gaba da ɗinki, mu a tasha mun ga yadda ya yi da samari. Ko diklofenak ɗin masu tebur ma kar ka mai da shi goro, yana cin ciki yana taɓa ƙoda.

Hajiya_Zariya:
Sannu ɗana, Allah ya sawwaƙe. Ni ungozoma ce na yi ritaya, abin da zan ƙara shi ne ba kowane baya ake murɗawa ba. In da zazzaɓi da rama da zufar dare a bincika tarin huka, yana kama ƙashin baya a nan ƙasarmu kuma mutane su yi ta yawo wajen maɗora har baya ya doro. In ƙafa ta fara mutuwa kana jan ta, ko tsakanin cinyoyi ya yi dindiris ba ka jin taɓi, ko fitsari da bayan gida suna zuwa ba ka sani ba, wannan asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Tsoho mai ƙashi ba ƙwari da wanda ya faɗi kwanan nan su ma a'a. Wuya kuwa ni ban son a murɗa wa kowa, akwai jijiyoyin jini masu zuwa kai a wurin, ba kasafai ba ne amma an samu wanda ya shanye ta haka. In har za ka tahi Kanon, ka tambayi mutumin inda ya yi karatu, ka kai mishi radiyonka, wanda bai tambaye ka komai ba ya ce kwanta, tashi ka hita.

Tela_Bagalam:
Na gode Hajiya, na gode ƴan uwa. Ba zazzaɓi ba rama alhamdulillahi, sai dai babban yatsan ƙafar yana mini kamar tahiyar kiyashi in na daɗe zaune. Malam kine wannan yana cikin waɗanda Hajiya ta lissafa?

Kine_Maradi:
Alamar jijiyar tana matsuwa ne daga ƙasan baya, ka faɗa wa lokotoron da ya gan ka a gwada ƙarhin ƙafar tukuna, kar a murɗa komai kafin nan. Gwada tahiya a kan dunduniya, in yatsun hagu sun ƙi tashi kar ka jira. Kuma kan keken nan duk rabin awa ka miƙe ko da guga ce ka yi a tsaye, ka sa ɗan matashi a bayan ƙugu, kujerar ma in ta yi ƙasa da yawa a ɗaga ta.