Tenshina na uku cikin wata bakwai, in koma na noti ne?

Baban Walida, Rigasa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da mashin Boxer, shekararta huɗu a hannuna. Da ita nake raba burodi a shaguna daga Rigasa zuwa Tudun Wada da Unguwar Sanusi kullum bayan asuba. Tenshinan da ta zo da shi, wato ɗan ƙarfen nan na jikin silinda mai danne taimin cen (sarƙar cikin inji), sai da ya haura shekara uku ban ma san da zamansa ba. Da hunturun bara ne na fara jin ƙara in na tayar da ita da safe, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. In inji ya ɗauki zafi sai ta ragu, amma ba ta ɗaukewa.

Yaron da ke duba min ya ce tenshina ne. Muka sayo a wani shago na bakin titi, ya ɗaura, mashin ta yi tsit kamar sabuwa. Wata uku ƙarar ta dawo. Na biyu wata biyu ya yi. Da ya ciro shi na karɓa na duba da kaina: sandar da ke cikinsa ta fito har ƙarshenta, bakinta ya cinye ta gefe guda yana sheƙi, da na danna da babban yatsa kuma sai ta ɗan koma ciki. Yanzu na uku ne a jiki, shi ma ya fara.

Wani a majalisarmu ya ce in daina zubar da kuɗi, in sa a yi min na noti wanda ake ɗaurewa da hannu. Don Allah masu sani, shi wannan abu har yaushe ya kamata ya kai? Kuma na notin ya fi ƙarko? Mashin ɗin nan da ita nake ciyar da gida, in ta kwana a gareji yini ɗaya, shagunan da na saba kai wa wani za su kira.

Malam Habu Bakanike, Kawo:

Wa alaikumus salam. Baban Walida, ai ka riga ka faɗi ciwon da bakinka: sandar ta fito har ƙarshe. Tenshina ba ya gyara sarƙa, sakin da ta yi kawai yake cikewa. Akwai sifirin a cikinsa da ke turo sandar gaba a hankali yayin da sarƙa ke saki, kuma an ƙera shi ne yadda ba zai koma baya ba. Ranar da sandar ta kai iyakarta, aikinsa ya ƙare. Ko goma ka saya, kowane zai fito ya tarar da sarƙar ta yi masa nisa.

Wanda ka danna ya koma, wannan kam ya mutu, kuma da alama jabu ne. Mai kyau ko da ƙarfi ka danna ba ya motsi. To amma ba shi kaɗai ke da laifi ba.

Ka sa a buɗe murfin da ke kan sifuroket ɗin kamshaf, wato faifan nan mai haƙora da sarƙar ke hawa a saman inji. A juya inji har alamar T ta jikin magineto ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji, sannan a duba alamar sifuroket ɗin sama. In ta kauce, sarƙa ta miƙe. A kama sarƙar da yatsa biyu a ɗaga ta daga kan haƙora. In ta taso har kana hango haƙori a ƙarƙashinta, ta gama yayi. A haska da tocila a duba robobin nan biyu da take gudu a kansu, sau da yawa za ka ga ta haƙa musu kwari. Ni a wajena ba na canza ɗaya in bar ɗaya: sarƙa, robobi biyu, tenshina, lokaci guda. In haƙoran sifuroket sun yi tsini, shi ma ya bi su.

Sai wajen ɗaurawa, nan yara da yawa ke kashe sabon kaya. Irin mai sukuru a ciki, ana cire notin bayansa, a zura ƙaramin sukudireba a murɗa har sandar ta shige, a riƙe ta a haka a ɗaure notuna biyun, sannan a saki. Za ka ji ya ce ƙas. In aka cusa shi da sanda a waje aka ɗaure da ƙarfin sifana, tun ranar ya fara cin roba da sarƙa. Wannan cin gefe ɗaya da ka gani ya sa ni zargin haka.

Tambaya ɗaya: wane baƙin mai kake zubawa, kuma bayan yaushe kake juye?

Ɗan Mando:

Ni na noti nake amfani da shi, shekara biyu ke nan, ban yi nadama ba. Ba sifirin da zai gaji. Amma gaskiya ba na kowa ba ne. Da yatsa nake murɗawa, inji na silo, har ƙarar ta ɗauke, in ɗan sassauta, in kulle da ɗaya notin, kuma duk juye sai na sake dubawa. In ka matse da yawa sai ka ji inji na wani irin kuka siriri, ka san roba ake ci. Kuma ni a kan sabuwar sarƙa na sa shi.

Malam Habu Bakanike, Kawo:

Ka faɗi gaskiya ƙanena. Kai kana da kunne kuma kana da lokaci. Mai fita da duhun asuba da akwatin burodi a baya, ba na so in ɗora masa wani aikin. Na ga waɗanda suka yi ta ƙara noti don ƙara ta yi shiru, har sarƙar ta tsinke a hanya.

Abban Sadik, Kakuri:

Yaya, kada ka ƙara sati da wannan ƙarar. Tawa haka ta yi ta yi ina cewa gobe, gobe. Ran nan a baifas, daf da Bakin Ruwa, ina ba ta wuta sai na ji ƙarau, ta mutu. Na taka kik ya tafi sakayau, ba nauyi ko kaɗan. Sarƙa ta tsallake haƙora, fistin ya haɗu da bawul ya lanƙwasa shi. Da aka buɗe, ga sawun bawul ɗin nan a kan fistin kamar an datsa da kurfi. Abin da na kashe ya ninka kuɗin sarƙa da tenshina sau da yawa. Shi ya sa har gobe wasu dattawa ke yabon inji irin na CG125, tunda shi sanduna ne ke tura bawul, babu taimin cen sam.

Baban Walida, Rigasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da la'asar na tsaya a kan yaron muka buɗe. Malam Habu, kamar kana wurin. Alamar sama ta kauce, sarƙar kuwa da na ɗaga ta, tasowa ta yi ba gardama. Robar da tenshina ke dannawa ta yi kwari har farcena na shigewa ciki. Yaron ya amsa cewa bai taɓa mayar da sandar ciki kafin ya ɗaure ba, ba a nuna masa ba ne. Na karanta masa bayaninka, ya ce zai so ya gani da ido.

Maganar mai, tun da kaya suka yi tsada na koma sayen na awo a kwalba, kuma nakan kai wata biyu ban juye ba. Wanda muka tsiyaye yau baƙi ƙirin, ya tsinke kamar ruwa, bai ma cika gwangwanin da muka tara ba.

Na fasa na notin. Gobe maƙwabcina zai ara min tasa in yi rabon safe, daga nan in wuce Panteka in nemo kayan gaba ɗaya. Malam, in na zo da su Kawo ranar Asabar tare da yaron, ƙarfe nawa zan same ka?

Malam Habu Bakanike, Kawo:

Ku zo ƙarfe tara, kafin wuri ya cika. Ka tafi da tsohon tenshinan kasuwa don a gwada tsawonsa, kuma kafin ka biya ka danna sabon da yatsa a gaban mai shagon. Ka haɗo da gaskit da lita ɗaya na mai wanda ba a fasa murfinsa ba. Mashin ɗin kuma a ɗoro ta a a-kori-kura, kada ka tayar da ita.