Neman shawara kan aikin ƙaramin furodusa a shirin darussan talabijin

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kammala digiri a Jami'ar Marwa, kuma wata tashar talabijin mai zaman kanta ta ba ni gurbin ƙaramin furodusa a shirin darussan lissafi da Faransanci da take son farawa domin ɗalibai masu shirin jarrabawar BEPC, wato ta kammala ƙaramar sakandare a Kamaru. Ban yi makarantar aikin jarida ba, don haka nake roƙon waɗanda suka san harkar su bayyana mini abin da aikin ya ƙunsa, da kuma ko wajibi ne in je Yawunde ƙarin karatu kafin in karɓa.

Baba Mai Kyamara, Ngaundere:
Wa alaikumus salam, ɗana. Yawancin aikinka zai ƙare ne tun kafin a kunna kyamara. Kai za ka nemo malami, ka zauna da shi ku rage darasin da ya saba yi cikin awa guda a aji ya koma minti 26 ko ƙasa da haka, sannan ka rubuta takardar jerin shiri wadda mai kyamara da mai sauti da mai tace hoto za su bi minti bayan minti. Nan ne rigima take, domin malamin kirki ba ya son a taɓa masa ko misali ɗaya, kai kuwa agogo ne ubangidanka.

Ranar ɗauka, ka duba allo da idon kyamara, saboda farin alli a kan allon da ya koɗe ba ya fita, kuma malami ya saba juya baya yana rubutu yana magana. Ka hana shi sa riga mai ƙananan zane, don takan yi rawa a hoto. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake wuce digiri 40, dole a kashe fanka saboda makirufo yana kwasar ƙararta, shi ya sa ake ɗauka da sassafe, a gama kafin kiran sallar azahar. Idan ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya wuta takan yi wuya, sai ka tabbatar da man janareta da cajin batura tun daren da ya gabaci ranar ɗauka. Yara kuma ba a ɗaukar hotonsu sai da rubutaccen izinin iyaye da na shugaban makaranta.

Malama Uwar Ɗalibai, Marwa:
Ƙanena, ni ta ɓangaren aji zan yi magana. Da aka rufe makarantu a ranar 18 ga Maris 2020 saboda korona, CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, ta fara watsa darussa a watan Afrilu domin azuzuwan jarrabawa, amma ɗalibaina da dama ba su amfana ba, wasu don babu talabijin a gidansu, wasu don malamin yana sauri kuma babu damar ɗaga hannu. Saboda haka ka sa malaminka ya riƙa dakatawa bayan kowace tambaya, rubutun kuma ya zama manya-manya, tunda da yawa a waya za su kalli shirin bayan an tura musu ta WhatsApp. Kada a watsa darasi sai sufeton fannin ya duba ya ga ya dace da manhajar ma'aikatar ilimin sakandare. Ina kuma ganin a riƙa taƙaita kowace ƙa'ida da Fulatanci ko Hausa a ƙarshe.

Alhaji Na Kusseri:
Malama, ki gafarce ni, a nan na ɗan saɓa miki. Da Faransanci za su rubuta jarrabawar, kuma masu kallo a wajenmu har da masu Larabcin Shuwa da Kotoko da Barebari, to harshen wa za a ɗauka a bar na wa? Gara a ware gajeren shiri na dabam ga kowane harshe idan kuɗi sun isa.

Game da karatu, ɗana, makarantar aikin jarida ta ESSTIC ta Jami'ar Yawunde ta Biyu sai an ci jarrabawar shiga, akwai kuma cibiyar horarwa ta CRTV a unguwar Ekounou, amma ba sharaɗi ba ne ga wannan matakin. Ka karɓi aikin, ka koyi tace hoto a gefen mai yinsa, karatun ya biyo baya. Sai dai kafin ka fara, a rubuta maka yarjejeniya mai ɗauke da albashinka da sefa, da wanda zai biya kuɗin babur da sallamar malamai, da kuma ko za a yi maka rajista a CNPS, asusun inshorar ma'aikata da fansho.