Littattafan Poirot, dole ne sai an bi su a jere?

Ƴar Gusau:
Salam ƴan uwa. Don Allah masu karanta littattafan binciken kisan kai ku taimaka min. Na gama Murder on the Orient Express na Agatha Christie, wanda jirgin ƙasa ya maƙale a dusar ƙanƙara aka wayi gari da gawar fasinja a ɗakinsa an caccaka masa wuƙa sau 12, wallahi har Poirot, mai binciken kisan, ya tara fasinjojin ya fara bayani ban gano bakin zaren ba. To an ce min littattafansa 33 ne banda gajerun labarai, sai na faro daga na farko ko duk wanda na samu in ɗauka? Kuma ni fa gani nake kamar matar nan ɓoye wa mai karatu hujja take yi.

Yaya Dogo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba dole ba ne, kowanne da nasa kisan. Amma in kin samu The Mysterious Affair at Styles na 1920 ki fara da shi, a nan za ki gan shi tsohon ɗan sandan Beljiyam da yaƙi ya koro Ingila, da abokinsa Kyaftin Hastings mai ba da labarin. Curtain kam ki bar shi sai ƙarshe, a 1975 ya fito kuma gidan Styles ɗin dai aka koma.

Anti Mai Littafi:
Batun ɓoye hujja kam ban yarda ba. Koma ki duba inda likita ya duba gawar, ai ya faɗa ƙarara cewa wani sukan ya shiga sosai wani kuwa ƙwarzane kawai, wani da hannun dama wani kamar da hagu, to me ya rage ba ta gaya miki ba? Komai a gabanki ta ajiye sai dai ta janye hankalinki da hankicin nan mai harafin H da aka tsinta a ɗakin mamacin, kina can kina neman mai shi. Shi ya sa karatu na biyu ya fi min daɗi. Ki nemi Five Little Pigs, kisan da aka yi shekara 16 baya, babu gawa babu sawu, sai bakin mutum biyar kowa da yadda ya tuna ranar. Kuma in ta zo kan guba ta san abin da take faɗa don ta yi aikin haɗa magani a asibiti lokacin yaƙin duniya na ɗaya.

Bazazzagi:
Ni gaskiya suna min sanyi, ba gudu ba harbi, tambayoyi ne a falon masu kuɗi har shafi ya ƙare. Ga Faransancin da Poirot yake jefawa cikin magana. Kuma yadda marubuciyar take kwatanta mutanen wasu ƙasashe wani lokaci ba ya min daɗi ko kaɗan.

Ƴar Gusau:
Na gode. Anti na koma shafin likitan yanzu, wallahi haka yake. Wa ke da Styles ya ara min?