Wane suna za mu ba wannan wa'azin da Hausa?

Tafinta: Salama gare ku. Ina fassara takardar bitar masu wa'azi da za a yi ranar Asabar a Sabon Garin Kano, mai ɗab'i kuma yana jirana ranar Alhamis da yamma. Na maƙale a kan expository preaching, ga shi kusan kowane shafi sai ya fito. Na sa "wa'azin bayyanawa" na wucin gadi, amma bai kwanta mini ba. A taimaka don Allah.

Malamar Lahadi: Wa'azin aya bayan aya mana, ɗan'uwa.

Baba Rabaran: 'Yata, kin yi kusa. Amma mutum yana iya bin ayoyi a jere yana cusa musu son ransa. Abin da ake nufi shi ne saƙon nassin ya zama shi ne saƙon wa'azin. Ku duba Nehemiya 8:8: an karanta Attaura sarai, Lawiyawa suka ba da ma'ana, jama'a suka gane. An kori Kalbin, mai wa'azin nan na zamanin gyaran Ikkilisiya, daga birnin Jeniba a 1538, da ya dawo a 1541 sai ya ci gaba daga inda ya tsaya a nassin. Sunan da za ku zaɓa ya nuna cewa nassi ne a gaba, mai wa'azi yana biye.

Ɗan Fagge: Baba, ai tafsiri ke nan. Duk wanda ya yi azumi ɗaya a garin nan ya san yadda ake yi: mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara ya yi bayani, gobe a ɗora daga inda aka kwana. Ka rubuta "wa'azin tafsiri", ba wanda zai tambaye ka ma'ana.

Dattijo: Ban yarda ba. Da ka ce tafsiri, Alƙur'ani ne zai zo wa mutum a rai. Mu ba maƙwabtanmu abinsu cikin girmamawa. Ni na daɗe ina cewa "wa'azin fiɗa". A feɗe nassi har wutsiya. Hausa tsantsa, babu aro.

Ɗan Fagge: Baba Dattijo, wa'azi kansa daga Larabci ya zo. Haka addu'a, haka aya, haka Linjila. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 cike yake da su, ba wanda ya ce a mayar.

Malamar Lahadi: Fiɗa kuma mahauta ko ɗakin tiyata take tuna mini. Abin da ya mutu ake feɗewa, Maganar Allah kuwa rayayya ce, Ibraniyawa 4:12.

Dattijo: Wannan ita ce matsalarmu. Da Bahaushe ya kawo kalma daga gida sai a ce ba ta yi ba, amma in daga Jos aka rubuto ta sai a karɓa hannu bibbiyu. Mu da aka yanke wa cibiya a Tudun Wada da Sumaila, da Hausa muke mafarki. Har yaushe za a riƙa aiko mana da Hausar sujada daga wani wuri?

Ɗan Filato: Baba, da girmamawa, wannan ta yi mini zafi. Iyayenmu da Hausa suka yi bishara ƙauye-ƙauye, alhali ba harshensu ba ce. Ba mu ƙwace wa kowa komai ba.

Dattijo: Ban raina wahalarsu ba, ɗana. Cewa na yi a saurare mu. Kuma fiɗa tana nan daram.

Mama Zumunta: 'Ya'yana, ku bar zancen Jos da Kano, yaron nan Alhamis yake kallo. Ni ga abin da na gani. Tun da fastonmu ya fara bin wasiƙar Yakubu daga farko, mata ke zuwa sujada da tsinken tsintsiya a cikin Littafinsu, alamar inda aka tsaya, wasu har sun karanto na gaba a gida. Da aka kai sura 5, inda ake maganar hakkin ma'aikata da aka danne, masu hali na zaune a layin gaba. Ba halin tsallakewa, kowa ya san nan aka kwana. Ya karanta, ya yi bayani, ba kuma wanda ya ce da shi ake, don layi ne ya kawo mu wurin. Da shi ke zaɓar aya kowace Lahadi, anya da mun taɓa jin wannan? Mu dai cewa muke yi "fasto yana bin littafi".

Baba Rabaran: Mama ta kawo ta. Wa'azin bin nassi.

Ɗan Fagge: "Bi" bai ɗauko bayani ba, Baba. A Ayyukan Manzanni 8, Filibus bai tsaya ga karatu ba, sai da ya fahimtar da mutumin Habasha. Tafsiri ya haɗa duka biyun.

Tafinta: Na gode muku duka. A kanu zan sa "wa'azin bin nassi". Inda ya fara fitowa zan ƙara jimla ɗaya cewa karantawa ne da bayani bi da bi, kamar yadda ake tafsiri. Baba Dattijo, ka yi haƙuri, fiɗa ba za ta shiga wannan bugun ba.

Dattijo: To, tun da lokaci ya ƙure. Amma ranar Asabar zan zo bitar, kuma zan ɗaga hannu.

Tafinta: Allah ya kai mu, Baba. Saura ɗayan, wanda ake zaɓar batu a tattaro masa ayoyi. "Wa'azin jigo" ya yi?