Wayarin kwali ko na Beljiyam: muhawara kan akori-kurar Baban Ummi

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Akori-kurar mahaifina nake tayarwa, Fijo 504 haɗin Kaduna. An gama fenti, an ɗora mata injin Toyota 2RZ mai injekta, na Hiace. Saura wayarin. Tsohon ya mutu murus. Jiya na lanƙwasa wata waya a bayan dashbod, robar ta farfashe a hannuna kamar busasshen ganye, jan ƙarfen ciki kuma ya yi kore. Ni a ganina duk mai haɗa mota daga tushe sabon wayarin kwali ya kamata ya saya, irin mai zuwa da akwatin fiyus a haɗe. Na Beljiyam kwaso ciwon wata motar ne ka zuba wa taka. Wanda yake da ja ya faɗa mini kafin in tura kuɗi.

Oga Rewaya: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan Baba. Ina da ja. Wayarin kwalin nan, ko na kamfanin Painless ne ko na American Autowire, duk na Amurka, wayarin jiki ne: fitilu, oda, waifa, makulli, caji. Babu wayarin birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, a ciki. Injinka mai injekta ne, nozul huɗu, ga sanso na ruwa, ga na iska, ga na totur, kowanne da soket ɗinsa da Toyota ta yi masa. A wane kwali za ka samo waɗannan? Dole ka koma wa wayarin da injin ya zo da shi, wato Beljiyam ɗin da kake gudu.

Baban Ummi: To na ji, ɓangaren inji a bar shi. Amma jikin mota fa?

Oga Rewaya: Shi ma akwai magana. Yawancin waɗannan na Amurka an tsara su ne a kan sitiyarin motocin kamfanin GM, mai ƙera Chevrolet, kuma a tsofaffin motocinsu ƙwan birki shi ne ƙwan sigina. Fijo kuwa siginarta daban take, ruwan lemo. Kafin ka daidaita su sai ka yanka, ka ƙara, ka sauya. Kayan da ka saya da dala don kada a yanka, ga shi tun ranar farko an sa masa almakashi.

Injiniya: Oga, ka faɗi gaskiya a kan soket, amma ka tsallake abin da ya fi damuna, wato zafi. Robar waya iri-iri ce. Ta gama-gari, PVC, an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 80 da ɗan wani abu ba. Wadda ake kira TXL ko GXL tana ɗaukar 125. A Kano a watan Afrilu iskar waje kaɗai tana haura 40, balle ƙarƙashin bonet a cikin cunkoson Kofar Ruwa da azahar. Wayarin Beljiyam ya riga ya yi shekara ashirin ko fiye yana shan zafi a wata ƙasa, sauran ƙarfinsa kaɗan ne. Ku tuna Marsandi bibut da sauran na wajen 1992 zuwa 1996. Kamfanin ya sa wa wayarin injinsu wata roba mai ruɓewa da kanta, tana zubewa kamar gari, wayoyi suna haɗuwa har su ƙona birenbos. Wanda ya sayo Beljiyam ɗin wannan, ai matsalar ya sake saya. Ni ina bayan Baban Ummi a kan jikin mota.

Oga Rewaya: Ranka ya daɗe, wannan Marsandi ce, kuma shekaru ne ƙididdigaggu. Wayar Toyota ta asali na sha fere ta bayan shekara ashirin da biyar, in tarar da jan ƙarfen yana ƙyalli. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Direban Damagaram: Ku ba ni dama in sa baki, don ni abin ya ci ni. Sabo na saya, a kwali, mai layi goma sha biyu, babu sunan kamfani a jiki sai hoton mota. Araha ta ja ni. Wata uku da sawa, da daddare tsakanin Matamaye da Kance, na ji warin roba, fitila ta dushe, hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Da fasinja tara a motar, har da mai goyo. Allah ya taimake ni sifana mai lamba 10 tana aljihun ƙofa, na cire kan batir da hannu yana rawa. Da gari ya waye mai gyara ya kankare wayar da reza, sai ga fari a ciki. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Don haka Baban Ummi, kalmar "sabo" kaɗai kada ta kwantar maka da hankali.

Injiniya: Allah ya ƙara tsarewa, Malam. Wannan ita ake kira CCA. Wutar da take iya ɗauka ba ta kai ta jan ƙarfe mai kaurinta ba, kuma tana karyewa a bakin soket in mota tana girgiza. Gwajinta ba wuya: a fere, a kankare, ko a kara silin a wutar laita. Na alminiyom zai lanƙwashe ya narke nan take, jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi ja ya tsaya. Amma ka lura, abin da ya same ka laifin jabu ne, ba laifin wayarin kwali ba.

Direban Damagaram: Haka ne, sai dai wanda ke oda ta waya ba ya da damar kara laita kafin ya biya.

Yaron Oga: Oga, a yi mini afuwa in tambaya. Me ya hana fiyus ɗinsa yankewa kafin hayaƙi ya tashi?

Oga Rewaya: Tambaya mai kyau, ɗana. Fiyus waya yake tsaro, ba fitila ba. Ƙwan gaba H4 wat 60 ne a dogon haske, guda biyu wat 120, a raba da bolt 12, am 10 ke nan. In wayar ba ta iya ɗaukar 10 ɗin cikin kwanciyar hankali, kai kuma ka sa mata fiyus mai ruwan ɗorawa na 20, ko kore na 30, to waya za ta dahu fiyus yana zaune lafiya lau. Shi ya sa nake hana ku naɗa silin waya a gurbin fiyus. Fitila da fankar lagireto kuma kowacce a ba ta rile nata, wato ɗan makunnin da ke ɗauke wa babban makunni nauyi, wuta mai nauyi ta taso daga batir kai tsaye, kada ta bi ta makunnin sitiyari.

Baban Ummi: To yanzu Oga, in ba kwali ba, me kake so in yi? In ɗauko wayarin Hiace gaba ɗaya in shimfiɗa a Fijo?

Oga Rewaya: A'a. Hiace injinta a ƙarƙashin kujera yake, tsawon wayoyinta ba zai zo daidai da mota mai dogon hanci ba. In kuma daga Japan aka yanko ta, sitiyarinta a dama yake, komai zai faɗo maka a ɓangaren fasinja. Abin da nake yi shi ne in kwance wayarin injin a kan tebur, in cire tsohon salatif, in bi kowace waya da mita, in zubar da na iyakwandishan da duk abin da ba ka buƙata. Na jiki kuma in saƙa sabo da hannuna, a kan awon motarka, da as mai kauri, wato wayar nagetif, daga batir zuwa inji da bodi.

Injiniya: Nan ne fa ba mu daidaita ba. Aikinka mai kyau ne, Oga, na gani da idona. Amma taswirarsa a kanka take. Ranar da motar ta tsaya a Funtuwa, wani rewaya zai buɗe ya tarar da jajayen wayoyi goma babu rubutu, ya fara ɓula su ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji. Na kwali mai kyau kowace waya an buga mata sunan aikinta a jiki daga farko har ƙarshe, ga takardar zane a ciki.

Oga Rewaya: Wannan kam ka kama ni, ba na ba da zane. Amma rubutun nasu da Turanci ne ƙanana, yarana nawa ne za su karanta shi a ƙarƙashin mota?

Baban Ummi: Ni zan karanta, tunda ni zan riƙa tuƙa ta. Injiniya, turo mini sunan mai layi goma sha biyun da ka amince da robarsa. Oga, wayarin injin yana buhu a gareji, ranar Asabar zan kawo maka ka kwance. In ka yarda ka zana mini naka a takarda, da lamba a bakin kowace waya, sai in fasa odar.

Oga Rewaya: Kawo shi da safe kafin rana ta yi zafi. Ka haɗo da birenbos ɗin da makunnin siginar Fijon, ina so in ga bayansa kafin in ce maka e ko a'a.